Duhun Anarbai a Allo na Bakwai

Salkinai eje, kamar yadda muke kiran babbar mace don girmamawa, ƙanwar mahaifinmu, shekara talatin da takwas ta yi tana hawa matakalar ƙarfe guda ɗaya. Matakalar tana bayan Ɗakin Zagaye, a lambun shaƙatawa na garinmu, tsakanin babban lilo da tafkin da ake hayar kwale-kwale. Taki ashirin da biyu ne, kuma na goma sha huɗu yana rawa tun ranar da ta kama aiki. A sama akwai wani siririn lungu da ya kewaye ginin kamar zobe, a cikinsa injinan majigi goma sha ɗaya, kowanne ya leƙa ta 'yar taga yana jefa hotonsa a allon da ke fuskantarsa. A ƙasa 'yan kallo ke tsayawa, babu kujera, sai ƙarafan riƙewa. Hoto ya kewaye mutum gaba da baya, dama da hagu, har mai raunin kai ya ji jiri.

Fim ɗaya tak ake nunawa a ɗakin, na minti goma sha takwas. A bazarar 1971 wasu mutanen birni suka ɗaura kyamara goma sha ɗaya a rufin babbar mota, suka bi duwatsunmu suna ɗauka: dawakai a makiyaya, masu askin tumaki, kogi yana kumfa. A minti na goma sha ɗaya motar takan gangaro cikin Sari-Talaa.

Sari-Talaa ƙauyenmu ne, ko da yake mu 'yan baya ba mu taɓa taka shi ba. Shekara uku bayan wucewar motar aka rufe bakin madatsar ruwa. Ruwa ya hau sannu a hankali, ya ci gonaki, ya ci makaranta, ya ci gidan niƙa. Aka kwashe mutane zuwa gidajen bulo a gefen gari. Masu maza a gida sun tono ƙasusuwan mamatansu sun tafi da su. Kakarmu Uulkan apa, wato inna Uulkan, ɗa namiji ɗaya gare ta, Toktosun, mahaifinmu, shi kuma yana can wajen aikin soja. Haka aka bar kabarin mijinta Anarbai, ruwa ya rufe shi. Salkinai tana da shekara goma sha shida a lokacin. Idan an tambaye ta ranar tashi, ba ta maganar ruwa. Karnuka take tunawa, yadda suka ƙi shiga motoci, suka zauna a ƙofofin gidajen da aka riga aka cire wa rufi.

Ta yi makarantar koyon sana'a, aka turo ta Ɗakin Zagaye tana 'yar shekara ashirin. Ba ta san abin da ke cikin fim ɗin ba. Ranar farko tana leƙe ta tagar inji na bakwai, sai ga katangar gidan niƙa, sai ga dogayen bishiyoyin bakin rafi, sai ga maƙabarta a kan tudu. Ta zauna daɓas a ƙasa. Dattijon da ke koya mata aikin ya jira har fim ya ƙare. Ya zuba mata shayi a murfin kwalbarsa, sannan ya ba ta dokoki biyu.

"'Yata, injinan nan tare suke tafiya kamar shanun huɗa. A kowace daƙiƙa hoto ashirin da huɗu ke wucewa a kowanne. In zaren fim ya tsinke kika yanke hoto goma, to ki liƙa baƙin zare mai tsawon hoto goma daidai a madadinsa. Kika rage ko ɗaya, kan doki zai riga gindinsa isa allo na gaba. Wannan ɗaya ke nan. Ta biyu: kada ki taɓa barin hasken fitila ya sauka a kan fim yana tsaye. Kin ga murfin ƙarfen nan? In inji ya tsaya, da kansa yake faɗowa ya tare hasken. Ba don ado aka sa shi ba."

Kwafi ɗaya aka aiko wa lambun, da alkawarin wani yana tafe. Alkawarin na nan har ƙasar da ta yi shi, Tarayyar Sobiyet, ta watse.

Mutanen Sari-Talaa ba su daɗe ba suka gano inda aka ajiye musu ƙauyensu. Kowace Alhamis, ranar da ake soya borsok, fanken ƙasarmu, don ƙamshin man ya kai ga mamata, sai ka gan su a layin nunin farko, da farar hula da manyan ɗankwalaye, kowace tsohuwa da ƙunshinta a hannu. Mai sayar da tikiti har ta daina tambayarsu. Suna shiga kowa ya nufi gurbinsa, ya fuskanci inda gidansa zai ɓullo, suna ta tsiya kafin a kashe fitilu.

"Matsa can, malam, a kan gonata kake tsaye."

"Wace gona? Wannan fegin da ko akuya ba ta juyawa a cikinsa?"

"Yau ma za mu ga matarka tana washe wa direba baki a bakin rijiya."

"Gara tawa ta fito a fim. Taka mai kyamara ya gani ya kau da kai."

Amma da katangar gidan niƙa ta bayyana, dariya takan ɗauke. Duk su juya wa sauran allunan baya, su fuskanci na bakwai. Daƙiƙa arba'in maƙabartar ke yi kafin mota ta sha kwana. A zamanin Sobiyet ba mai ɗaga murya da karatu a ginin gwamnati, don haka leɓɓa kawai ke motsi, tafin hannu a buɗe daidai ciki, sannan a shafa. Yaran makaranta da aka kawo kallo sukan tsaya da alawar auduga a hannu suna mamakin abin da tsofaffin nan suka gani a wani tudu mai ciyawa.

Kabarin Anarbai yana can ƙarshe, a bayan wasu manyan kaburbura biyu masu ƙubba. Ba a ganinsa sai ta ratar da ke tsakaninsu, daƙiƙa ɗaya da rabi, hoto talatin da shida. Salkinai ta ƙirga su da yatsa a kan teburin gyara. A zaren fim, kabarin bai kai ƙwayar gero ba. A allo, mai kaifin ido zai hangi sanda da jelar doki a ɗaure, da jinjirin wata na gwangwani. Idon Uulkan apa kuwa yana ta yin yana. Shekara goma sha ɗaya tana zuwa, ba ta taɓa kama shi ba.

"Kafin in ce ga shi, ya wuce," in ji ta, suna shan shayi a gida. "Kuma ni ma ina wurin, na sha gaya muku. Ranar da motar nan ta wuce na kai wa ɗan itacen da na dasa masa ruwa. Bokiti a hannun hagu, na sa na dama a goshi ina kallonsu."

"Apa tana so a ce ita ma 'yar fim ce," in ji Toktosun yana dariya. "Sau ɗari na kalla, ba kowa a wurin."

"Kai da ko raƙumi ba ka gani sai ya taka ka. Salkin, 'yar albarka, tsayar min da shi. Numfashi biyu kawai."

"Apa, ba a tsayarwa. Ƙonewa yake yi."

"Ke ce mai injin ko injin ne mai ke? Na roƙi gwamnati ta jira in kwashe shi, ba ta jira ba. Yanzu 'yar cikina nake roƙo."

Shekara guda Salkinai tana cewa a'a. Sai likita ya ce zuwa hunturu idon zai rufe gaba ɗaya.

Wata Litinin ce a watan Satumba na 1989, ranar da ake rufe lambun don shara da gyara. Da hantsi Toktosun ya kawo tsohuwar, ya tsayar da ita gaban allo na bakwai, ya ɗora hannunta a kan ƙarfe, ya koma waje yana gadin ƙofa kada shugaban lambu ya faɗo musu. Salkinai ta riga ta yi wa zaren alama da jan fensir a hoton farko da kabarin ya fito. Ta gwada da wani tsohon guntun fim, ta ga yana jure numfashi biyu kafin ya fara lanƙwashewa. Abin da ba ta lissafa ba shi ne an sa wa inji na bakwai sabuwar fitila a makon.

Ta tsayar da injinan. Murfin ya faɗo. Ta juya zaren da hannu har alamar ta zo daidai, ta yi bisimilla, ta sa yatsa ta ɗaga murfin. Ba ta kalli allo ba, idonta na kan fim ɗin. Numfashi ɗaya. Kafin na biyu ya cika ta ji ƙauri, ta ga tsakiyar hoton ya kumbura kamar fatar madara a wuta. Da ta saki murfin a nan, hoto ɗaya za a rasa. Amma tsoro ya sa hannunta ya kai ga makunni, don ta janye fim ɗin daga zafin. Injin ya fizga, zaren ya tsinke a inda ya narke, na bayansa ya yi ta cusuwa cikin ƙarfen mai zafi yana naɗewa yana soyuwa. Kafin ta kashe, kusan kamu ɗaya da rabi ya tafi.

Ta sauko ta sami uwarta a tsaye inda aka bar ta, farin haske ya wanke mata fuska.

"Na gan shi," in ji tsohuwar, murya a kwance. "Na ga kaina ma, da bokitina. Sai wuta ta ɓullo ta tsakiya ta cinye mu tare."

Ba ta sake zuwa ɗakin ba. Ba ta kuma yi wa Salkinai faɗa ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Sai ta rage ci, ta rage magana, wani lokaci ta ce a buɗe taga tana jin ƙauri. Dusar ƙanƙara ta biyu ta tarar an binne ta. Ranar sadakar arba'in, bayan baƙi sun watse, Toktosun ya tare ƙanwarsa a bakin murhu.

"Ruwa ya ci shi, ya bar mana hotonsa. Ke kika sa masa wuta, a gaban idonta. Har hankalinta ya taɓu tana ganin kanta a ciki."

"Baike, yayana, kai ka kawo ta. Kai ka tsare ƙofa."

"Na tsare ƙofa don na ɗauka kin san aikinki. Akwai abin da ya rage?"

"Babu," in ji ta.

Ƙarya ta yi. Ta kwashe ƙonannen zaren ta zuba a gwangwanin shayi, ta tura shi bayan ƙafar inji na bakwai. Ba ta iya jefarwa ba, ba ta kuma iya buɗewa ba. Ta auna baƙin zare mai tsawon hoto talatin da shida, ta liƙa, kamar yadda aka koya mata. Aka rubuta mata takardar gargaɗi, magana ta wuce a ofis. A gida ba ta wuce ba. Toktosun bai yanke zumunci ba: tana zuwa suna, tana zuwa biki, ita ke yi mana ɗinkin rigunan makaranta. Amma shekara ashirin da bakwai bai taka Ɗakin Zagaye ba, kuma in an ambaci fim a kan tabarmar abinci sai ya tashi ya ce zai duba tumaki.

Mutanen Alhamis kuwa suka saba. Ana tsakar kallon maƙabarta sai allo na bakwai ya ɗauke, sauran goma suna haske, sannan ya dawo. Suka sa masa suna duhun Anarbai. Tun da yana zuwa dab da ƙarshe, sai ya zama alamarsu: mai karatu ya san ya kai aya ta ƙarshe kafin duhun, in duhun ya zo a ce amin, in haske ya dawo a shafa. Jikokin da aka haifa a gidajen bulo da haka suka tashi. Ka tambayi yaro ina kabarin Anarbai, zai ce maka, "Inda ke yin duhu."

A sama, liƙin yakan yi ƙara sau biyu in ya ratsa injin. Tak, shigar baƙin zare. Tak, fitarsa. Nuni takwas a rana, kuma duk inda Salkinai take a cikin zoben nan, ko tana ɗaura faifai a inji na biyu, ko tana cin burodi da busasshen cuku, tsakanin ƙarar nan biyu ba ta numfashi. An yi mata maganar aure sau uku, ta ce wa zai riƙe injinan. Masu taya ta aiki suka yi ta raguwa har ta zama ita kaɗai. Kayan gyara suka ƙare a kasuwa, ta koma cire na majigin garuruwan da aka rufe. Fim ɗin kansa yana tsufa tare da ita. Koren ciyawa ya gudu, shuɗin sama ya gudu, Sari-Talaa ya koma ja-ja kamar ana kallonsa ta cikin ruwan wankin nama. Faifan suka fara warin tsami. Baƙaƙen liƙi suka yawaita a duk allunan, nan hoto uku, can biyar, har ƙauyen ya zama kamar mai ƙifta ido. Wata tsohuwa ta taɓa riƙe mata hannu a ƙofa ta ce, "Salkin, ruwan ne ya biyo mu har nan?"

A 2016 aka ba wasu 'yan kasuwa lambun. Suka ce za a sauke injinan, a rataya na'urorin zamani da kwamfuta ke sarrafawa, a riƙa nuna dodannin da da tafiya cikin taurari. Tsohon fim ɗin za a kwafe shi a bar masa safiyar Alhamis. Wanda aka turo daga Bishkek don aikin sunansa Mederbek, mutum mai shekara arba'in da 'yan kai, mai tumbi da yawan cin 'ya'yan kabewa. Ranar farko taki na goma sha huɗu ya kusa kayar da shi.

"Eje, wannan matakalar gadi take yi miki?"

"Tana gane ɓarawo."

"Ni ba ɓarawo ba ne, likita ne. Fim ɗinki saura shekara biyu ya zama kunu. Kin ji warin nan?"

"Na ji shi tun kana tsotson yatsa, ƙanena. Cire hannunka daga faifai, duk gishiri ne."

Wata biyu ya yi yana wucewa da zaren ta cikin na'urarsa hoto bayan hoto, tana tsaye a kansa kamar mai jiran gawa. Ya iya aikinsa, wannan ba ta taɓa musu ba. Ya ce ya ƙirga baƙin liƙi ɗari biyu da goma sha huɗu, kuma kwamfuta za ta cike su duka: tana duba hoton da ke gaba da wanda ke baya, ta ƙago na tsakiya. Salkinai ta ji maganar, amma ba ta kai ta inda ya kamata ba.

Alhamis ta farko a sabon tsari ta tsaya a ƙasa cikin mutane, abin da ba ta taɓa yi ba ana nuni. Ba ƙarar inji, sai wani siririn huci daga rufi. Da ƙauyen ya fito tsofaffi suka yi salati. Kore ya dawo, rafin ya yi shuɗi, har wata ta gane zanen gadonta a kan igiyar shanya. Katangar gidan niƙa ta zo, aka juya, dattijon da ke karatu ya fara. Ƙubba ta farko ta wuce. Salkinai ta riƙe numfashi. Duhu bai zo ba. A ratar nan sai tudu mai laushi, ciyawa tana kaɗawa, babu sanda, babu jinjirin wata, babu komai, kamar ba a taɓa haƙa wurin ba. Ƙubba ta biyu ta wuce, mota ta sha kwana, allo ya koma gonar auduga, mutane kuwa hannuwansu na buɗe suna jiran inda za su ce amin.

Wata yarinya ta ja rigar kakarta. "Ina kabarin Anarbai ɗin? Ai ciyawa ce kawai."

Mederbek yana bakin ƙofa yana jiran yabo. "Eje, kin ga? Ko ɗinki ba a gani."

"Ka shuka ciyawa a kan ubana."

"Wane uba? Baƙin zare ne a wurin, ba komai a ciki."

"Baƙin shi ne wurin nasa. Shekara ashirin da bakwai duhun nan ke riƙe masa gurbi. Ni na ƙone shi, amma ban ce ba a taɓa yinsa ba."

Ya daina tauna. Ta hau matakala, ta durƙusa bayan inji na bakwai, wanda masu sayen tsohon ƙarfe za su zo ɗauka a ƙarshen wata, ta jawo gwangwanin. Murfin ya yi tsatsa, sai da ya sa wuƙa. Abin da ke ciki ya naɗe ya ƙandare kamar busasshen hanji, kuma ta rantse ƙaurin ranar nan ya fito tare da shi.

"Ba na yi miki alkawari," in ji Mederbek. "In na taɓa shi da ƙarfi, gari zai zama."

Kwana tara ya yi yana turara shi, yana miƙe shi tsakanin gilasai biyu. Talatin da biyar sun tafi, ba abin da za a gani. Ɗaya ne, na kusa da ƙarshe, rabinsa ya tsira. Ya ce ta zo ta duba a kwamfuta. Ta ce ba za ta kalla ita kaɗai ba.

Ta sami Toktosun yana gyaran shinge. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba.

"Baike, ka tambaye ni ko akwai abin da ya rage, na ce babu. Akwai. Rabin hoto ɗaya."

Ya daɗe yana murɗa waya a jikin dirka. "Shekara ashirin da bakwai yana hannunki."

"Yana hannuna."

"Kuma yanzu za ki sake tsayar da shi."

"Na yanzu ba ya ƙonewa. Haka aka ce min."

"Wancan karon ma haka kika ce, numfashi biyu."

Ta juya za ta tafi. Ya ce, bai ɗago ba, "Har yanzu ƙarfe goma ake farawa?"

Ranar Alhamis ya zo da farar hularsa ta zuwa jana'iza. Mutane suka dare masa hanya, ba wanda ya yi tsiya ranar. Ya tsaya gaban allo na bakwai, ya kama ƙarfen, ita kuma a gefensa. Katanga ta zo, ƙubba ta farko ta wuce, sai komai ya tsaya. Allunan goma suka daskare, tsuntsu a sama bai ƙarasa kaɗa fiffike ba.

Rabin allon dama baƙi ne da ruwan ƙasa, bakin ƙunar ya yi kumfa-kumfa, girmansa ya fi mutum. A rabin hagu ga tudun ƙasa, ga sanda da jelar doki, ga jinjirin wata ya ɗan karkace, ga ɗan itace bai kai ƙugu ba. Hannun Salkinai ya tashi da kansa yana laluben murfin da babu. Numfashi ɗaya. Biyu. Ta ji ƙauri har maƙogwaro, ta runtse ido tana jiran ihun mutane.

Abin da ta ji muryar yayanta ce, yana karatu a hankali, ba gaggawa, sura mai tsawo wadda ba a taɓa samun sararin karantawa a ɗakin nan ba. Yana tsaka da aya sai ya yi shiru.

"Salkin. Buɗe idonki. Mene ne wancan a ƙasa?"

Ta buɗe. Daga cikin ƙunar wata inuwa ta fito ta kwanta a kan kabarin, doguwa, irin ta hantsi. Mai inuwar tana ɓangaren da wuta ta ci, ko yatsanta bai rage ba. Amma inuwar ta nuna tudun ɗankwali, ta nuna gwiwar hannu ɗaya a ɗage zuwa goshi, ɗaya hannun a sake da wani abu mai faɗin baki a rataye.

"Bokiti ne," in ji wata tsohuwa daga baya. "Wallahi Uulkan ce."

Toktosun ya cire hularsa, ya mayar, ya sake cirewa. "Na yi mata dariya," ya ce. "Har ta mutu ina cewa hankalinta ne ya taɓu." Bai kalli ƙanwarsa ba. Hannunsa ne ya matso a kan ƙarfen har ya taɓa nata, ya tsaya a nan. Sannan ya koma farkon ayar ya ƙarasa, aka ce amin.

Da aka fito, Mederbek ya tambaye ta yadda take so a bar shi. Ya ce zai iya goge bakin ƙunar, ya kuma tsayar da hoton awa guda in ana so.

"Kada ka goge komai. Ka cire ciyawarka. Ka tsayar da wannan tsawon Fatiha, sannan ka mayar da duhun, hoto talatin da biyar, kada ka rage ko ɗaya."

"Eje, yanzu ko an rage ba abin da zai goce."

"Na sani. Mayar da shi."

Ranar Asabar aka sauke injinan da igiya, ɗaya bayan ɗaya. Salkinai ba ta je ba. Zoben sama yanzu fayau yake, sai ramukan kusoshi a ƙasa, huɗu-huɗu, sau goma sha ɗaya. Sauran kwanakin mako dodanni ke ruri a ɗakin, yara suna ihu. Ranar Alhamis da ƙarfe goma mutanen Sari-Talaa kan zo, duk shekara suna raguwa, mahaifinmu a cikinsu, da ƙunshin borsok da Salkinai eje ta soya tun da safe. Takan tsaya a gefensa. Kowa yana kallon kabarin da inuwar har a idar da Fatiha. Ita kuwa har yau ba ta taɓa kallonsu fiye da numfashi biyu ba. A na biyun take runtse ido, hannunta ya ɗan tashi daga ƙarfen, kuma ba ta buɗewa sai ta ji an ce amin, ta san duhun ya zo.